Sujada: mece ce ma'anarta, kuma ta yaya ake shigarta da gaske, daga daren Asabar har safiyar Litinin

Akwai wata magana da nake yawan ji in an tashi daga coci, ni kaina na sha faɗinta kafin in gane inda ta karkace: "Kai, yau dai ban samu komai ba a sujadar nan." Wani ya ce mawaƙa ne ba su yi ƙoƙari ba, wani ya ce wa'azin ya yi tsawo har ya fara lissafin fankokin da ke sama, wata ta ce makirufo ne ke ta ƙara yana hana ta ji. Duk na yarda, wani lokacin ma gaskiya suke faɗa. Amma in ka saurari maganar da kyau, irin ta wanda ya je kallo ne bai ji daɗin wasan ba. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce, ni me na kai?

Toh 'yan'uwa, bari mu fara daga kalmar kanta. Sujada a bakinmu ai goshi a ƙasa ne, ƙarami ya durƙusa gaban wanda ya fi shi. Haka abin yake a harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, kalmar Ibrananci da aka fi amfani da ita tana nufin sunkuyawa har ƙasa, ta Helenanci kuma, proskuneo, ita ma faɗuwa rubda ciki ce gaban babba. Sai dai akwai kalma ta biyu da ke tafiya tare da ita, wato bauta ko hidima, aikin da bawa ke yi wa ubangidansa da hannunsa da ƙafarsa. A Matiyu 4:10 lokacin da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya faɗi ya yi masa sujada, amsar Yesu ta haɗa su biyun a jimla ɗaya, Ubangiji Allahnka za ka yi wa sujada, shi kaɗai kuma za ka bauta wa. Ka riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan ƙafafun nan biyu yake tsaye, durƙusawa da hidima.

Me ya sa ake yinta? Allah dai ba ya jin yunwar yabonmu. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina a Ayyukan Manzanni 17:25 cewa ba a yi wa Allah hidima da hannun mutum kamar yana bukatar wani abu, a Zabura 50 ma Allah da kansa ya ce in da yana jin yunwa ba zai gaya mana ba, duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Dalili na farko shi ne ya cancanta, shi ya halicci komai (Ru'ya ta Yohanna 4:11), shi kuma ya fanshe mu ta jinin Almasihu. Na biyu ya fi ba ni tsoro: mutum yana komawa kamar abin da yake yi wa sujada. Zabura 115 ta yi maganar gumaka masu baki ba sa magana, masu ido ba sa gani, sai ta ce masu yinsu da masu dogara gare su haka za su zama. In kuɗi kake durƙusa wa kwana shida, za ka fara kallon mutane kamar lissafi, ba makawa. Sujadar gaskiya ita ce ke juyo da fuskarka wurin da ya kamata ta kalla. Na uku, don gina juna, Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14:26 duk abin da aka kawo in an taru, waƙa ce ko koyarwa, a yi shi don inganta ikilisiya.

Maganar wuri kuwa Yesu ya riga ya rufe ta a bakin rijiyar Yakubu. Matar Samariya ta kawo tsohuwar gardama, a dutsen nan ne ko a Urushalima, shi kuwa ya ce lokaci na zuwa har ma ya yi da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya (Yohanna 4:23-24). Wasu suna ɗaukar ayar nan su mai da ita lasisin zama a gida, wai ai Allah yana ko'ina. Haba. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa kamar yadda wasu suka saba, ka ga tun wancan zamanin akwai masu wannan halin.

In kana son ganin tsarin sujada a dunƙule, buɗe Ishaya 6. A shekarar da Sarki Uzziya ya mutu annabin ya ga Ubangiji a kan kursiyi, serafim, wato wasu mala'iku, suna ta kira mai tsarki, mai tsarki, mai tsarki. Sai ya ga kansa, ya ce kaitona, ni mai ƙazamin baki ne. Aka ɗauko garwashi daga bagade aka taɓa bakinsa, aka ce an kawar da laifinsa. Sannan ya ji murya, wa zan aika? Ya ce ga ni, aike ni. Ganin Allah, ganin kai, gafara, jin magana, aike. Yawancin tsarin sujadar Lahadi, ko a rubuce yake a littafi ko ba a rubuce ba, za ka tarar a kan wannan layin yake tafiya, kuma shi zan bi.

Mataki na farko, daren Asabar

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, toh Lahadi ma tun daga Asabar ce. Abu mafi sauƙi kuma wanda aka fi rainawa: ka kwanta da wuri. Wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana latsa waya, gobe a tsakiyar wa'azi kansa zai riƙa cewa amin shi kaɗai. Ka ware baikonka tun dare, ka nemo Littafi Mai Tsarki da biro, in ikilisiyarku tana sanar da nassin da za a karanta ka karanta shi sau ɗaya kafin ka kwanta.

Sai kuma abu mai nauyin, wanda nake so in daɗe a kansa. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, a nan ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a wurin, ka je ku shirya tukuna sannan ka dawo ka miƙa. Duba fa, bai ce in kai ne kake fushi ba, cewa ya yi in shi ne yake da magana a kanka, wato ko kana ganin kai ke da gaskiya, kai za ka taka. Ni wannan ya taɓa kama ni da kyau. Akwai wani ɗan'uwa da muka samu saɓani a kan wani ɗan kuɗi da na ranta na yi jinkirin biya, na biya daga baya amma maganganun da na faɗa masa ban janye su ba, kusan wata biyu muna coci ɗaya, shi yana zama gefen dama ni na koma hagu, in an ce a gaisa da juna sai in sunkuya kamar ina gyara igiyar takalmi. Ina rera waƙar ƙauna da babbar murya fa, amma idona yana kan ƙeyarsa. Ranar da na kira shi a waya wani daren Asabar, maganar ba ta kai minti biyar ba, har shi ma ya ce ya gaji da kauce mini. Washegari waƙoƙin dai su ne na kullum, mawaƙan ma su ne, amma na ji abin da nake rerawa. Don haka ka zauna daren Asabar ka tambayi kanka, wa nake gudun haɗa ido da shi gobe? In ba za ka iya zuwa ba ka kira, in kiran ya yi maka nauyi ka tura saƙo ka ce kana so ku yi magana. Ba lallai komai ya warware a daren ba, Romawa 12:18 cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunka.

Mataki na biyu, isowa

Ka iso kafin a fara, ko da minti goma ne. Ka sa waya a shiru ka jefa ta can ƙasan jaka ko aljihu, in a waya kake karanta nassi ka kashe data, don saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya ɗauke ka har a yi albarka. Ka zauna shiru ka ce wa Allah ga ni na zo. Mai Hadishi 5:1-2 ya ce ka kula da takunka in za ka ɗakin Allah, matsowa don ka ji ya fi hadayar wawaye, kada bakinka ya yi garaje.

In kana ganin tashin safe wahala ne, ka tuna da Kiristoci na farko. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma a yankin Bitiniya mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan wasiƙa a kan Kiristocin da yake yi wa shari'a, ya ce abin da ya gano shi ne suna taruwa a wata rana da suka tsayar tun kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga allah, su yi alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. A lokacin Lahadi ranar aiki ce, sai a 321 ne Sarki Konstantin ya yi dokar hutun ranar. Wato suna gama sujada su wuce aiki, kuma in an kama su rai ne a bakinsa.

Mataki na uku, waƙa

Ka buɗe baki ka rera, ko muryarka irin wadda ke sa na kusa ya waiwayo ce. Ƙungiyar mawaƙa aikinsu su ja mu, ba su yi a madadinmu ba. Kolosiyawa 3:16 da Afisawa 5:19 sun nuna waƙa tana kallon wuri biyu, sama wajen Allah, da gefe wajen ɗan'uwa, muna koyar da juna muna gargaɗin juna da ita. Mai yiwuwa matar da ke bayanka ta binne mijinta watan jiya, ba ta iya buɗe baki, muryarka ce ke riƙe ta.

Dabarar da ta taimake ni: ka bi kalmomin da hankali kamar kana faɗa wa mutum ido da ido. In baitin ya ce na ba ka dukan raina, ka tsaya a zuci ka ce da gaske? Yesu ya maimaita maganar Ishaya a Markus 7:6, mutanen nan da leɓe suke girmama ni, zuciyarsu tana nesa. Gardamar ganga ko fiyano, tsoffin waƙoƙin littafi ko sababbi, ɗaga hannu ko naɗe shi, ni dai a ganina mun ɓata mata lokacin da ya fi ƙarfinta. Zabura 150 ta lissafa ƙaho da garaya da ganga da kuge, Habakuk 2:20 kuma ya ce dukan duniya ta yi shiru a gabansa, duka biyun suna ciki. Abin da zan duba a waƙa shi ne, abin da take faɗa game da Allah gaskiya ne? Jama'a za su iya binta? In kiɗan ya danne muryar jama'a har ba ka jin na kusa da kai, a rage sautin, shikenan.

Kuma ba dole sai kana murna ba. Zabura guda 150 ne, da yawansu kuka ne da ƙorafi, Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare babu wani "amma" a ƙarshenta. Bulus da Sila da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi, bayansu duk bulala, ƙafafunsu a turu.

Mataki na huɗu, furta zunubi

Wasu ikilisiyoyi suna da addu'ar tuba da ake karantawa tare, wasu ɗan shiru ake bayarwa, wasu kuma babu shi sam a tsarinsu, in haka ne ka yi naka a zuci. Ka ambaci abin da sunansa. "Ka gafarta mini zunubaina" kowa na iya faɗa, amma "na yi wa matata tsawa gaban yara ranar Talata, na ƙara a lissafin da na kai ofis" shi ne ke ƙona baki kamar garwashin Ishaya. A Luka 18 mutum biyu suka shiga haikali, Bafarisiye ya karanta wa Allah takardar nasarorinsa, mai karɓar haraji ko ido bai iya ɗagawa ba, shi ne ya koma gida baratacce. In ka furta kuma ka karɓi gafarar, 1 Yohanna 1:9 alkawari ne, kada ka ɗauko kayan ka koma da su gida.

Mataki na biyar, jin Maganar

Saurare ma sujada ne, mutane da yawa ba su san haka ba, suna ganin an gama "sujada" in an ajiye kayan kiɗa. A Nehemiya 8 Ezra ya karanta Shari'a tun safe har tsakar rana, da ya buɗe littafin jama'a suka miƙe tsaye, suka amsa amin, amin, Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana, mutane har kuka suka yi. Ka buɗe nassin da kanka ka bi da ido. Ka rubuta abu uku kawai: me wannan ya nuna game da Allah, me ya tona game da ni, me zan yi kafin Lahadi mai zuwa. Kada ka yi irin sauraron nan na "da ma wane yana nan ya ji wannan".

Fasto mutum ne, zai iya kuskure, shi ya sa aka yaba wa mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, suna karɓar magana da marmari amma kullum suna bin Nassi su ga ko haka ne, kuma Bulus ne fa mai wa'azin. In barci ya kama ka, ba kai ne farau ba, a Taruwasa wani saurayi ya zauna a taga Bulus yana ta magana har tsakar dare, barci ya kwashe shi ya faɗo daga hawa na uku. Darasin dai a guji zaman taga, masu wa'azi kuma su ma akwai nasu a ciki.

Mataki na shida, addu'ar jama'a da baiko

In wani yana addu'a a gaba, ka bi shi kalma kalma, amin ɗinka sa hannu ne a kan abin da ya roƙa. Baiko kuwa, 1 Korintiyawa 16:2 ta ce ran farko na mako kowa ya ware gwargwadon samunsa, 2 Korintiyawa 9:7 ta ce yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a haikali, wadda ya yaba gwauruwa ce mai 'yan ƙananan kuɗi biyu. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a mai da baiko ciniki, saka kaza Allah ya ninka maka kaza. Wanda ya durƙusa gaban sarki ba ya miƙa masa rasit.

Mataki na bakwai, Jibin Ubangiji

Wannan shi ne cin gurasa da shan ƙoƙo tare don tunawa da mutuwar Yesu. Nan ɗarikoki sun bambanta, Katolika da Otodoks shi ne tsakiyar sujadarsu, wasu ikilisiyoyi kowace Lahadi suke yi, wasu sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, kuma fahimtar yadda Almasihu yake tare da mu a gurasa da ƙoƙon ma ba ɗaya ba ce, ka tambayi shugabanninku koyarwar ikilisiyarku da ƙa'idar wanda zai ci. Abin da kowa ya yarda da shi yana 1 Korintiyawa 11: tunawa da mutuwarsa, shelarta har ya dawo, da bincika kai kafin a ci. Ka lura da abin da ya ɓata wa Bulus rai a Korinti, masu hali suna ci su ƙoshi har wani ya bugu, talaka yana zaune da yunwa. Raina ɗan'uwa ne laifin. Bincika kai ba ya nufin sai ka zama marar aibu, in haka ne teburin zai zauna babu kowa, nufinsa ka zo da tuba, ba ka riƙe da wani a wuya.

Mataki na takwas, albarka da fita

Kada ka sulale kafin a sa albarka don gudun cunkoso a ƙofa. Wannan shi ne wurin "ga ni, aike ni". Jastin Mai Shahada, wani malamin Kirista na zamanin farko, ya rubuta yadda ake sujadar Lahadi a Roma wajen shekara ta 150: a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, jama'a su ce amin, sannan dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, abin da aka tara kuma a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da na kurkuku da baƙi. Ka ga sujadar da ƙafarta take fita daga ɗakin. Romawa 12:1 ta ce mu miƙa jikinmu hadaya rayayyiya, ita ce ibadarmu, a Amos 5 kuwa Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu tunda babu adalci a cikinsu, magana mai zafi ga mu masu son waƙa.

A aikace, kafin ka bar harabar ka gaisa da mutum ɗaya da ba ka sani ba, ka kuma lura da wanda kujerarsa ta zauna babu kowa yau, ka kira shi kafin dare. A hanyar gida ko in an zauna da iyali kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji, yara ma a bar su su faɗa, za ka sha mamakin abin da suka kama.

Tsakiyar mako kuma ka kafa ɗan lokaci da ba ya motsi, minti goma sha biyar ya isa a fara: Zabura ɗaya, ɗan sashe daga Bishara, Addu'ar Ubangiji a hankali kana tsayawa a kowace gaɓa, waƙa ɗaya in kana iyawa. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa yana kuma riƙe da babban muƙami a fadar sarki, kai fara da sau ɗaya tukuna. Za a yi ranakun da za ka ji kamar da bango kake magana, har Lahadi ma wani lokaci haka take, ka je dai, ka rera, ka faɗa wa Allah a fili cewa yau zuciyata a bushe take. In bushewar ta daɗe makonni, ka samu wani dattijo ko dattijuwa a ikilisiya da ka amince da su ku zauna, wani lokacin zunubi ne da aka ɓoye, wani lokacin gajiya ce kawai ko baƙin ciki da jiki bai gama haɗiyewa ba, kuma maganin kowanne daban. Takardar nan da ka rubuta abu uku a kanta kuwa, ka saka ta inda za ka gan ta safiyar Litinin, jikin madubi ko cikin murfin waya, ranar Laraba ka duba ko ka taɓa na ukun.